Filen, zarto da dutsen washi: abin da sabon kafinta zai fara saye da ɗan jarinsa

A unguwannin da Hausawa ke zaune a ƙasashen maƙwabta, daga Birketiri ta Yawunde da New Bell ta Duwala zuwa Zangon Kumasi, Nima ta Akara da Zangon Lome, aikin kafinta na cikin sana'o'in hannu da matasa ke shiga don neman na kansu. Yaro kan shafe shekaru a hannun maigida yana aiki da kayan shago. Ranar da aka yaye shi, ko ranar da ya fara karɓar ɗan aikinsa na gefe, sai tambaya ta taso: da kuɗin da ke hannunsa, waɗanda galibi gudummawar dangi ce ko ɗaukar adashi, me zai fara saye?

Kuskure a wannan mataki yana da tsada. Wanda ya zuba jarinsa a akwatin kaya masu ƙyalli da ba sa riƙe kaifi zai ga aikinsa na fita da kaushi, ƙofa ba ta zauna daidai ba, mai aiki kuma ya tafi bai dawo ba. Hanyar da ta fi tsare jari ita ce a sayi kaya kaɗan, a duba kowanne da hannu kafin a biya, a kuma sa dutsen washi a sahun farko tare da filen.

Amfanin filen na hannu a zamanin inji

Filen shi ne abin da ake goge fuskar katako da shi har ta miƙe ta yi santsi. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana kiransa rabot. Masassaƙan gargajiya da ke yin turmi, akushi, allo da ƙota sun dogara ne da gatari da gizago, amma mai haɗa tebur, gado, kabad ko ƙofa ba shi da makawa sai da filen, domin katako biyu ba sa haɗuwa su riƙe gam sai gefensu ya miƙe sosai.

A manyan kasuwannin katako irin su Sokoban a Kumasi ko Kasuwar Katako ta Yamai akwai injinan goge katako da ake biya a yi wa mutum aiki. Wannan ya rage wahala ƙwarai, sai dai bai kori filen na hannu ba. Inji yana barin ƙananan layuka a fuskar katako, waɗanda ke fitowa fili da zarar an shafa fenti ko mai. Inji ba ya bin kafinta zuwa gidan da ƙofa ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa. Haka kuma ba ya aiki ranar da aka ɗauke wuta. Irin waɗannan ƙananan ayyuka, rage ƙofa, gyara aljihun tebur da ya cije, daidaita ƙafar kujera, su ne sabon kafinta ke fara cin abinci da su kafin a amince a ba shi kayan ɗakin amarya.

Abin da lambobin ke nufi

Mai shiga shagon kayan aiki zai ji ana cewa lamba 4, lamba 5 ko lamba 7. Wannan lissafi ya samo asali ne daga Amurka. Wani mai ƙirƙira mai suna Leonard Bailey ne ya tsara filen na ƙarfe mai abin daidaita wuƙa, kamfanin Stanley kuma ya sayi haƙƙin ƙirar a 1869. Daga baya kamfanin Record na birnin Sheffield a Ingila ya bi wannan tsari, haka ma masana'antun Indiya irin su Anant da na Sin. Shi ya sa lamba ɗaya ke nufin kusan girma ɗaya ko wane kamfani ne ya ƙera.

Lamba 4 tsawonsa wajen santimita 24 ne, faɗin wuƙarsa inci 2, wato kimanin milimita 50. Aikinsa gogewar ƙarshe. Lamba 5 yana da tsawon inci 14, kusan santimita 35, da wuƙa mai faɗi iri ɗaya da ta lamba 4. Shi ne na aikin yau da kullum. Lamba 7 ya kai inci 22, kimanin santimita 56, faɗin wuƙarsa milimita 60, ana miƙar da gefen dogon katako da shi. Akwai kuma ɗan ƙarami na hannu ɗaya mai tsawon wajen santimita 15, na kashe kaifin kusurwa da gyara kan katako.

Dalilin bambancin tsawo mai sauƙi ne. Gajeren filen yana bin tudu da kwarin katako, ya hau inda ya hau, ya gangara inda ya gangara, don haka yana sa santsi amma ba ya miƙarwa sosai. Dogo kuwa yana zaune ne a kan tuddai, yana cinsu kaɗan-kaɗan har fuskar ta daidaita. A tsarin Faransa ma haka abin yake da wasu sunaye: riflard na cin katako da yawa a farko, varlope dogo ne na miƙarwa, rabot na gamawa, guillaume kuma siriri ne na fitar da gurbi a gefen katako, kamar inda gilashin taga ke zama.

Lamba 4 ko lamba 5

Mai kuɗin filen ɗaya kacal zaɓinsa na tsakanin waɗannan biyu ne, kuma irin katakon da yake samu shi ke raba gardama. Idan yana sayen katako ne da inji ya riga ya goge, aikinsa kuma gyare-gyare ne da ƙananan kaya, lamba 4 ya ishe shi. Ba shi da nauyi, yana shiga jaka, ya kuma fi yawa a kasuwa. Idan kuwa yana zaune a garin da katako ke zuwa da kaushinsa daga bakin zarto, babu injin gogewa kusa, lamba 5 ya fi masa amfani, domin tsawonsa na iya miƙar da ƙafar tebur ko gefen ƙofa, idan aka ja wuƙarsa baya kuma ya yi gogewar ƙarshe.

Akwai dabarar da ke sa filen ɗaya ya yi aikin biyu. Tun da wuƙar lamba 4 da ta lamba 5 faɗinsu ɗaya, mutum zai iya sayen wuƙa ta biyu. Ɗaya a wasa bakinta da ɗan lanƙwasa don cin katako da yawa, ɗayar a bar ta a miƙe, a ɗan kashe kusurwoyinta kawai, don gamawa. Kuɗin wuƙa bai kai na sabon filen ba ko kusa. Lamba 7 da ɗan ƙaramin na iya jira har aiki ya fara kawo riba.

Sabo, na gwanjo ko na icce

Sabon filen mai araha shi ya fi yawa a shaguna. Wasunsu na aiki bayan an ɓata lokaci an gyara su, wasu kuwa ba sa jin gyara. Wanda aka lanƙwaso jikinsa daga falon ƙarfe maimakon a yi zubinsa, ko wanda mazaunin wuƙarsa ke rawa, gara a bar shi a shago. Sunan da aka buga a jiki ma ba hujja ba ce, domin jabun kaya masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni suna yawo a kasuwannin yankin. Araha ba ta ado, amma tsada ita ma ba ta tabbatar da inganci. Dubawa ce kawai ke tabbatarwa.

Kayan gwanjo da ke shigowa daga Turai ta tashoshin Kwatano, Lome, Tema da Duwala, waɗanda a wasu ƙasashen ake wa laƙabi da France au revoir, sukan zo da tsofaffin kayan kafinta. A nan ne ake dacewa da tsohon Stanley ko Record da tsatsa ta rufe amma lafiyarsa ƙalau. Ana kuma samun wuƙaƙe da kurfuna masu tambarin Goldenberg ko Peugeot Frères. Kamfanin Peugeot ya daɗe yana ƙera zarto da kayan aikin hannu kafin ya fara mota, zakin da ke tambarinsa ma an yi masa rajista ne tun 1858 don kayan aiki. Da tsohuwar zuma ake magani: ƙarfen irin waɗannan wuƙaƙe galibi yana riƙe kaifi fiye da na sababbi masu araha.

Filen na icce shi ne hanya ta uku. Ba shi da nauyi, yana sulɓi a kan katako, ba ya tsatsa, idan ya faɗi kuma da wuya ya fashe. Ana daidaita wuƙarsa da ɗan bugun guduma: a bugi kan wuƙar ta ƙara fitowa, a bugi bayan jikin filen ta koma. Kafinta mai haƙuri zai iya sassaƙa nasa daga busasshen icce mai tauri kamar kawo, wuƙa kaɗai zai saya. Matsalarsa ita ce jikin yana motsi da sauyin yanayi, don haka sai an riƙa miƙar da ƙasansa lokaci-lokaci, kuma koyon daidaita shi yana ɗaukar lokaci fiye da na ƙarfe.

Yadda ake duba filen kafin a biya

Mai zuwa saye ya tafi da abu uku: rula ta ƙarfe, sukudireba da guntun katako. Mai kayan da ya hana a kwance filen a duba, ko a gwada, ya riga ya ba da amsa.

Abu na farko shi ne tsaga. Jikin filen ƙarfen zubi ne, idan ya faɗi a kan siminti yakan tsage, musamman a gefen baki, wato ramin da wuƙa ke leƙowa. A goge ƙura da tsatsa a duba wurin sosai. Wanda aka yi wa walda ma abin gudu ne, domin zafin walda kan karkatar da jikin.

Na biyu, ƙasan filen. A ja wuƙa ciki, a ɗora rula a tsaye daga gaba zuwa baya, a ɗaga wajen haske. Wurare uku ne dole su taɓa rular: can gaba, daidai gaban baki, da can baya. Ɗan rami kaɗan a tsakaninsu ba ya hana aiki. Idan kuwa gaban bakin ne ya shige ciki, ko filen na rawa kamar kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza, gyaransa zai ci kwanaki.

Na uku, wuƙa. A cire ta a duba bayanta, wato fuskar da ba a wasawa a karkace. Tsatsar sama-sama tana fita da samfefa. Amma tsatsar da ta ci ramuka kusa da baki tana nufin duk washin da aka yi zai fito da giɓi. A kuma duba ko akwai sauran tsawo: idan tsakanin bakin wuƙar da dogon ramin da ke tsakiyarta bai kai santimita 2 ba, ta kusa ƙarewa.

Na huɗu, ƙarfe na biyu da ke ɗaure a kan wuƙar, wanda Faransawa ke kira contre-fer. Aikinsa lanƙwasa ɓawon katako da karya shi kafin ya yage fuskar aiki. Dole bakinsa ya kwanta a kan wuƙar ba tare da haske na ratsawa ba, in ba haka ba ɓawo zai riƙa cushewa a tsakani.

Na biyar, abubuwan daidaitawa. Notin da ke bayan wuƙa ya riƙa tura ta gaba da baya idan aka juya shi, ɗan sandan da ke sama kuma ya riƙa karkata ta hagu da dama. Sukurorin da ke riƙe mazaunin wuƙa su ɗauru tam. Mariƙin da ya karye ba abin damuwa ba ne, aikin kafinta ne ya sassaƙa wani, kuma dalili ne na neman ragi.

Dutsen washi kafin filen na biyu

Babu filen, sabo ko tsoho, da ke fitowa daga shago a shirye. Wuƙa mai kaifi a cikin filen mai araha tana fitar da aiki fiye da dakusasshiya a cikin mai tsada, shi ya sa kuɗin dutsen washi ba ya cikin abin da ake ragewa. Dutse mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, ya isa a fara da shi. Ana ɗiga masa mai marar kauri ko kananzir don kada garin ƙarfe ya toshe shi. Wanda bai samu dutse mai kyau ba zai iya manna samfefar da ba ta jin ruwa, irin ta masu fentin mota, a kan gilashi mai kauri, ya fara da lamba 220, ya wuce 400, ya gama da 1000. Da wannan gilashi ne kuma ake miƙar da ƙasan filen: a bar wuƙa a ɗaure amma a ja ta ciki, a zana layuka da alƙalami a ƙasan, a goga har layukan su ɓace a wurare ukun nan.

Washi yana farawa ne daga bayan wuƙa. Ana kwantar da shi a kan dutse a goga har santimita biyun ƙarshe su yi sumul. Sau ɗaya ake wannan wahala. Daga nan sai bakin, wanda ake karkatawa digiri 25, a gama da kimanin 30. Ga wanda ba shi da ma'aunin kusurwa, idan tsawon gangaren bakin ya ninka kaurin wuƙar sau biyu, digiri 30 ke nan. Ana ci gaba da gogawa har yatsa ya ji ɗan leɓen ƙarfe ya tashi a bayan wuƙar daga wannan gefe zuwa wancan. Sai a juya, a shafe leɓen a fuska mai laushi, a ƙarasa da jan wuƙar a kan guntun fata da aka manna a katako.

A yi hattara da injin washi na kasuwa. Yana da sauri, amma idan bakin wuƙa ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi, kuma ba zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye wurin gaba ɗaya. Idan giɓi ne babba ya sa dole a je wurin inji, a riƙa tsoma wuƙar a ruwa a kai a kai.

Wajen mayar da wuƙa, gangaren bakinta yana kallon ƙasa ne. Ƙarfe na biyu ana ajiye shi kimanin milimita 1 daga baki don aikin yau da kullum, a matso da shi zuwa rabin milimita ko ƙasa da haka idan katakon mai gardama ne. A juya filen a hango ta ƙasansa: wuƙar ta leƙo kamar siririn gashi, daidai daga hagu zuwa dama. Yawancin masu koyo suna fito da wuƙa da yawa, sai filen ya riƙa cijewa, su ɗauka ƙarfi ne ya gaza.

Katako ma yana da ta cewa

Kayan aiki ana zaɓensu ne gwargwadon katakon da ake samu. Farin katakon nan marar nauyi da ake kira ayous a Kamaru, wawa a Gana, samba a Kodebuwa, obeche a Nijeriya, duk icce ɗaya ne. Yana da laushi da araha, ya dace da koyo, amma dakusasshiyar wuƙa tana murƙushe shi ta bar shi da gashi-gashi. Iroko, wanda ake kira odum a Gana, yakan ɓoye dunƙulen farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa da ke yi wa wuƙa giɓi, ƙurarsa kuma tana damun hanci da fatar wasu mutane. Tek da ake shukawa a Togo da Benin yana ɗauke da sinadarin yashi da ke saurin dakusar da kaifi. Maɗaci da sapele jijiyarsu a sarƙe take, wani layi ya kwanta gaba wani ya kwanta baya, don haka sai da wuƙa mai kaifi sosai, ci kaɗan, da ƙarfe na biyu a matse kusa da baki.

Ƙa'idar gogewa ita ce a bi kwancin jijiya, kamar mai shafa gashin doki. Idan fuskar ta fara ɓantarewa, a juya katakon a goga ta ɗaya wajen. Katakon da aka kwance daga tsohon gini ko akwatin kaya sai an cire ƙusoshinsa an kuma kakkaɓe yashinsa da buroshi, domin ƙusa ɗaya tana ɓata washin rabin sa'a. Filawud kuma gefensa kawai ake taɓawa, gam ɗin da ke cikinsa yana cin wuƙa.

Akwai batun da ya shafi mazauna arewa musamman. Katakon da ake aiki da shi a Garwa, Marwa da Injamena yana fitowa ne daga dazuzzukan kudancin Kamaru, kamar yadda na Wagadugu da Yamai ke zuwa daga ƙasashen bakin teku. Inda laimar iska ke kai kashi 80 cikin 100, katako yana zama da ruwa kusan kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. Inda ta sauka zuwa kashi 20, kamar lokacin hunturu, ruwan yana komawa ƙasa da kashi 5. A tsakanin nan katako yana motsewa ta faɗinsa, ya kan kuma kantare. Wanda ya goge ɗanyen katako ya haɗa tebur zai tarar da shi ya buɗe baki bayan makonni, ya ɗora wa filen laifi. Magani shi ne a jera katakon a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakani don iska ta ratsa, a ba shi lokaci. Ƙofar da aka kafa da rani kuma a bar mata 'yar tazara ta milimita 2 zuwa 3 a gefe, saboda kumburin damina.

Sauran kayan farko

Ma'auni ne ke gaba. Tef mai inci da santimita duka ya fi dacewa da mai aiki kusa da iyaka, domin a Gana da Nijeriya ana kiran katako da inci, a ƙasashen Faransanci kuma da santimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Sai sukwaya, wato équerre, wadda ake gwadawa tun a shago: a jingina ta da miƙaƙƙen gefen katako a ja layi, a juya ta a sake ja a wuri ɗaya. Idan layukan suka rabu, karkatacciya ce, kuma duk abin da aka auna da ita zai karkace.

Zarto na hannu mai tsawon santimita 50 zuwa 55, da haƙora 7 ko 8 a kowane inci, yana yin yawancin yanka. Iri biyu ne a kasuwa. Mai haƙora baƙaƙe ko shuɗi-shuɗi an ƙona bakinsu ne don su yi tauri, yana daɗewa da kaifi, amma magagari ba ya cinsa, idan ya dakushe sai yarwa. Mai haƙora kalar jikinsa ana wasa shi da magagari mai kusurwa uku, a kuma buɗe haƙoran hagu da dama, ya yi shekaru yana aiki. Ga mai zaune nesa da babbar kasuwa, na biyun ya fi. A hango tsawon zarton da ido ɗaya kafin a saya, kada ya zama a lanƙwashe.

Cizal, wato kurfin kafinta, uku sun isa: milimita 6, 12 da 20 ko 25. Ana wasa su kamar wuƙar filen, ana kuma bugunsu da gudumar icce don kada ƙotarsu ta fashe. Hannaye biyu su kasance a bayan kaifi kullum. Ƙwararren maƙeri yana iya ƙera kurfin huda gurbi daga tsohon sifirin mota, kamar yadda ake ƙera gizago. Sai guduma mai cire ƙusa, sukudireba biyu, da aƙalla abin matse katako guda biyu, serre-joint, domin gam ba ya kamawa sai an matse.

Wasu kayan ba a sayensu. Gudumar icce, gejin jan layi da ake yi da guntun katako da ƙusa, teburin aiki mai nauyi da ba ya rawa, da akwatin ajiye kaya, duk aikin hannun mai koyo ne, kuma yin su darasi ne. Tebur mai rawa yana ɓata aikin filen komai kyansa. Injin huda, filen na lantarki da zarto na lantarki su biyo baya, lokacin da aiki ya yi yawan da zai biya kuɗinsu da na wuta.

Tsare abin da aka saya

A Duwala, Kwatano da Akara laima da iskar teku suna sa ƙarfe tsatsa cikin kwanaki kaɗan, don haka tsumma mai ɗan mai a cikin gwangwani, da ake shafa wa kaya kowace yamma, yana cikin kayan aiki. A arewa ƙura ce abokiyar gaba, tana shiga zaren sukurori tana kuma dakusar da kaifi, maganinta akwati mai murfi. Guntun kyandir da aka goga a ƙasan filen yana rage nauyin turawa. Idan an tashi daga aiki a ja wuƙa ciki, kada kuma a ajiye filen a bakin tebur inda gwiwar hannu za ta ture shi.

A shagon da mutane da yawa ke aiki, aron kaya ba ya ƙarewa. Yana da kyau mutum ya sa alama a kayansa, ya kuma san wanda zai bai wa aron filen da cizal, domin su ne ke dawowa da giɓi.

Idan kuɗin bai kai a sayi komai rana ɗaya ba, jerin da ya fi dacewa shi ne tef da sukwaya, zarto, guduma, dutsen washi tare da filen lamba 4 ko 5, sannan cizal da abin matsewa. Kafin ya karɓi aikin kowa, mai koyo ya ɗauki guntun farin katako mai tsawon rabin mita, ya goge fuskokinsa huɗu har sukwaya ta zauna a kowace kusurwa ba tare da haske ya ratsa ba. Idan hakan ta samu, kayan da ya saya sun isa ya fara karɓar aiki.